Daminar da Muka Kai Garemani Kafanchan

Bana ruwa ya sauka da wuri, amma gonakin da ke bayan dutse ba wanda ya shiga. Jikokina sun ce ba za su kai ransu can saboda citta ba, tunda ko a makon jiya an ji harbi ta wajen rafi. Ina zaune a bakin ƙofa da sandata, ina kallon ciyawa tana hawa kunyoyin bara, masu wucewa suna gaishe ni suna cewa, “Kaka, ba a taɓa ganin damina irin wannan ba.” Nakan ce musu sannu kawai. Na ga irinta tun ina da ƙarfina, kuma a wancan lokacin ko harsashi ɗaya ba a harba a ƙauyenmu ba.

Damina ta biyu ce bayan an gama yaƙin basasa. Ƙauyenmu tafiyar rabin yini ce a ƙafa daga Kafanchan, kuma citta ce ke riƙe da mu tun kafin a haife ni. Acca da dawa da dauro na ciki ne, citta kuwa ta aljihu. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aure, da ita ake sa kwano a kan ɗaki. Da rani sai ka ga duk falalen dutsen garin a shimfiɗe da tsagaggiyar citta tana shan rana, ƙamshinta ya kama tufafi, ya kama har ruwan randa. 'Yan kasuwa su zo su auna, a kai tasha, jirgin ƙasa ya yi kudu da ita zuwa bakin teku.

Da yaƙi ya tashi sai jirgin kudu ya tsaya. Mutanen Gabas da ke sayen yawancinta dama sun riga sun gudu. Citta ta shekara a buhu har ƙwari suka mai da ita gari. Shekara ta biyu mutane suka daina shukawa, irin ma ya ruɓe a ramukan ajiya. Samari suka duba babu abin haraji, babu abin aure, ga mota ta zo tana ɗaukar soja. Haka suka tafi, biyu daga wannan gida, uku daga wancan. Mu kuma muka bi su da gudummawar hatsi da awaki duk lokacin da mai unguwa ya zagayo da sanarwa. Manja ya ɓace daga kasuwa. Gishiri ya zama abin da mace ke ƙullewa a bakin zane ta kwana da shi.

Mijina Ishaya ya tafi tare da ƙannensa biyu. Ɗaya an aiko mana da takardar mutuwarsa, ɗayan har yau ba mu san inda ƙasa ta rufe shi ba. Ishaya ya dawo da hannun dama a shanye, babu yatsu uku, kunnuwansa kuma ƙarar igwa ta toshe su. In zai yi magana sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi. In ni zan yi masa, sai na tsaya a gabansa ya kalli bakina. An ce ya jira a biya shi haƙƙinsa. Sau biyu ya je Kaduna, kowace tafiya ta ci akuya ɗaya, ya dawo da alkawari. Daga nan awakin suka ƙare, tafiyar ma ta ƙare.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da shi, da uwarsa Mama Kande, da 'yata Hannatu da ke goye. Gonakin maza uku suna jiranmu.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda ke sa kaji buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Ana cikin wannan zafi Malam Sule ya shigo garin a kan kekensa, da ma'auni ɗaure a baya. Ɗan kasuwar Kafanchan ne, Musulmi, ubansa ma a garinmu ya yi awon citta. Ya yi sallama a ƙofar gidanmu yana sharce gumi.

“Rifkatu, ina citta? Jirgi ya fara tafiya kudu. Ko kwando ɗaya ne ku fito da shi, farashin bana ban taɓa ganin irinsa ba.”

Na ce, “Malam, sai dai ɗan irin da Mama ta ɓoye.”

Mama Kande ce kaɗai a unguwarmu da ba ta bari irinta ya mutu ba. Duk shekarun yaƙi tana shuka ɗan fili a bayan ɗaki, ta tone, ta binne a gindin mangwaro ta rufe da ganye. Kwando ɗaya ne cif.

Malam Sule ya zauna a kan turmi, ya sha ruwa. Can ya ce, “Ƙauyuka huɗu na zaga yau, ban kwance ma'aunin nan ba. Kada ki sayar mini da irin nan ko na roƙe ki. Ki shuka. Da kaka zan dawo, ni zan saya.”

Ruwan fari ya sauka da iska, ƙasa ta yi ƙamshi, shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi, muka kama muka soya. Washegari aka fara maganar gayya. Kafin yaƙi, in aka kira gayya, maza talatin za su jeru da garemani, mai ganga yana binsu, kafin rana ta take sun gama huɗar gona sun zauna shan kunu. A wannan shekara da aka kira, mata ne suka fito, da tsofaffi uku. Garma ta maza ce, faɗinta ya kai tire, mace ba ta iya ɗaga ta sau goma a jere. Garemanin ƙannen Ishaya ma mun riga mun kai wa maƙeri ya fasa su ya yi mana fartanyu. Da fartanya muka riƙa yin kunya, yau gonar wannan, gobe ta waccan, kunyoyin 'yan ƙanana kamar kaburburan yara. Kunun gayya kuwa ruwan tsamiya ne da aka nuna wa gari.

Gonar citta ta gidanmu tana kan tudu, ƙasarta da tauri, na san ba zan iya ta ba. Sai na zaɓi wani fili a gangare kusa da rafi, inda ƙasa ke da laushi. Ishaya ya zo ya tsaya ya duba, ya dubi dutsen da ke sama da wurin.

“Ruwan dutse nan yake bi!” ya faɗa da ƙarfi. “Sai an yi masa hanya ta sama!”

Ya koma gida ya ɗauko garmarsa, wadda bai taɓa ba tun da ya dawo. Ya danne ƙotar a hammata, ya riƙa ja da hannun hagu. Aikin da a da zai yi kafin ya karya kumallo, sai da ya kwana uku a kansa. Amma ya yi, ya haƙa lambatu a saman gonar har zuwa rafi. Ran da ya gama na ga ya yi dariya, karo na farko.

Muka yayyanka irin ƙanana ƙanana don ya ishi filin, kowane da idonsa ɗaya. Muka shuka. Sannan aka shiga yankan ganye, don citta ba ta fitowa sai an lulluɓe ta. Da sassafe in shiga kurmi da lauje, in yanko danyen ganye in ɗauro dami, ruwan raɓa yana bin wuyana, cinnaku suna cizona ta cikin ɗankwali, Hannatu tana kuka a baya. Mako biyu ina wannan. Da tsiron ya ɓullo ta cikin ganye, siriri kore shar, Mama Kande ta durƙusa a bakin gonar ta yi addu'a da yarenmu har muryarta ta dushe.

Yunwa ta shigo a watan Yuli. Na shiga rumbu da tsintsiya na share ƙasansa, abin da na tara bai cika ƙwarya biyu ba, acca kuma da sauran wata guda da rabi kafin ta nuna. Muka koma ci sau ɗaya, da la'asar. Rama, ganyen gwaza, garin ɗorawa a dama da ruwa. Ruwan toka ya maye gurbin gishiri, yana barin ɗaci a maƙogwaro har wayewar gari. Mutum yana noma sai ya ga ƙasa tana juyawa, ya dafa ƙota ya jira ta tsaya. Ruwa kuwa ba ya fasawa. Itace ya jiƙe, ɗaki ya cika da hayaƙi, zanen da aka shanya ya kwana uku bai bushe ba. Nonona ya fara ɗaukewa.

Wata Lahadi a cikin wannan hali, wani ɗan garin da ke aiki a birni ya zo gida, Fasto ya ba shi dama ya gai da jama'a. Yana sanye da farar riga, da agogo. Ya ce mu gode wa Ubangiji, shi ya ga wuraren da aka yi yaƙi da idonsa, mu namu yankin Allah ya tsare, yaƙi bai taɓa mu ba. Mutane suka ce amin.

Sai Mama Lami ta miƙe. Ita ce uwar zumuntar mata ta cocinmu, gwauruwa, ɗanta ɗaya tak, Bitrus, kuma yana cikin waɗanda aka aiko da takardarsu. A lokacin mace ba ta magana ana cikin sujada a coci, don haka kowa ya juyo yana kallonta.

Ta ce, “Baba Fasto, a gafarce ni. Duk wanda ya ce yaƙi bai zo garin nan ba, in an tashi ya biyo ni, in nuna masa inda ya sauka.”

Baƙon bai bi ta ba, amma mu mata mun bi, da wasu maza kaɗan. Ta kai mu bayan gari a cikin yayyafi. Ba ta iya karatu ba, sai dai babu gonar da ba ta san mai ita da abin da take bayarwa ba. Ta tsaya a gaban wani fili da tofa ta kai ƙirji.

“Wannan ta Bitrus ce. Buhu goma take ba mu. Shekara huɗu ke nan ba ta ba da ko ɗaya ba. Ku haɗa da kanku.” Ta matsa gaba. “Wannan ta 'ya'yan Dauda ce, su uku. Waccan ta mijin Asabe. Ga ɗakin da aka sayi katako za a sa wa kwano, gara ta cinye katakon. Yara nawa aka cire daga makaranta bara saboda babu kuɗin littafi? Awaki nawa ke garin nan kafin motar soja ta zo, nawa ne yau? Wa ya biya wannan duka? Mu ne. Kuma ba wanda ya sani, mu kanmu ba mu sani ba, tunda ga shi muna cewa amin.”

Ban taɓa haɗa abin a kaina haka ba. Ina ganin yunwar gidana ce, ƙaddarar gidana. A ranar na ga ashe garin ne gaba ɗaya aka kwashe, a hankali, ba tare da an ƙona ko bukka ɗaya ba.

Daga nan Mama Lami ba ta zauna ba. Gida gida take bi, ranar kasuwa ta tsaya kusa da masu daddawa tana faɗa, ta je ƙauyukan maƙwabta ta faɗa a zumuntarsu. Wasu su saurara su yi hawaye, wasu su ce baƙin cikin ɗa ne ya taɓa ta. Dattawa suka kira ta. Ina wurin, ni na kai musu ruwa.

Babbansu ya ce, “Lami, an gama yaƙi. 'Ya'yanmu ne suka ci nasarar nan. Kada ki sa hukuma ta ce mu masu butulci ne.”

Ta ce, “Baba, a can aka gama. Shekaranjiya kai da kanka ka aiko jikarka neman garin ɗorawa a gidana.”

Ya ɗauki ruwan da na kawo ya sha.

Shawarar da ta kawo ita ce, kowace mace ta ɗauko garmar namijin da yaƙi ya ɗauke mata, mu kai Kafanchan mu ajiye a gaban hukuma, su gani da ido. Abu uku za mu roƙa: a ɗage haraji daga gidajen da babu maza, a ba mu irin citta, a taimake mu da hatsi kafin acca ta nuna. Da na ce zan je, sai ta dube ni.

“Naki mijin yana da rai, 'yata.”

Na ce, “Mama, ki zo ki leƙa rumbuna.”

Ta ce to.

Marka ta kama sosai a lokacin, sama ta yi kwana da kwanaki ba a ga rana ba, kuma dauro ya isa dashe. Mama Kande ta ce, “Rifkatu, dauron nan fa? In kika tafi wa zai dasa?” Na ce yini ɗaya ne. Garmar Ishaya tana rataye a bayan ƙofa. Na ce a raina ai lambatu ya riga ya haƙu, ba abin da zai yi da ita. Ban gaya masa ba. Gaya masa yana nufin in tsaya a gabansa ya kalli bakina, ni kuma in kalli fuskarsa. Da gari ya fara wayewa na goya Hannatu, na naɗa gammo, na ɗora garmar a ka na fita.

Mu goma sha takwas ne. Hanya ta zama taɓo, ƙafa tana nutsewa har idon sawu. Rafuka biyu muka ƙetare ruwa iya ƙugu, muna riƙe da zanen juna, ƙarfe a ka. Ba mu yi waƙa ba, ko da yake 'yan zumunta ba sa tafiya babu waƙa. Ba wadda ta karya kumallo.

Kafanchan kuwa tana cike da rai. Jirgi yana busa a tasha, sojoji da suka zo hutu suna yawo da rediyo a kafaɗa da sababbin kekuna, masu ƙosai da doya suna ta ciniki. Mutane suka tsaya kallonmu. Wani mai shago ya leƙo ya ce, “Kai, mata 'yan ƙodago! Nawa kuke huɗar gona?” Aka yi dariya.

Muka sami ofishin da aka kwatanta mana. Muka jera garemanin a baranda, ɗaya kusa da ɗaya, wasu sun yi tsatsa har sun yi ja. Masinja ya ce maigida yana taro. Muka zauna a ƙasa jikin bango tun isowarmu har aka kira sallar azahar a masallacin kasuwa, aka idar, aka watse. Sannan ya fito. Saurayi ne, bai fi Ishaya shekaru ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya gaishe mu da ladabi.

Mama Lami ta fara da Hausarta ta coci da kasuwa. Tana taɓa kowace garma tana faɗin sunan mai ita, da gonarsa, da bakunan da ya bari. Ya saurara har ta kai ta tara ko ta goma, sannan ya duba agogo.

“Mama, na ji, kuma wallahi na tausaya. Amma taimakon da aka ware na wuraren da aka gwabza ne. An ƙona muku gidaje?”

“A'a.”

“An karya muku gada, ko an jefa bam a kasuwarku?”

“A'a, ɗana.”

“To kin gani. A takarda yankinku ba ya cikin inda yaƙi ya shafa. Haraji kuwa ba a hannuna yake ba. Ku koma ku sa a rubuto koke, a bi ta hannun hakimi.”

Mama Lami ta sunkuya ta dafa wata garma mai karyayyar ƙota. “Wanda yake rubuta mana wasiƙa, ga tasa nan.”

Ya sa hannu a aljihu ya ba masinja wani abu ya ce a sayo mana burodi. Da zai koma ciki ya ce, a hankali, a kwashe ƙarafan daga hanya kada wani ya yi tuntuɓe.

Muna kwashewa hadari ya haɗo daga wajen garinmu, baƙi ƙirin, kafin mu kai kasuwa ya ɓarke. Ban taɓa ganin ruwa irin na ranar ba. Titi ya zama kogi. Malam Sule ne ya hango mu muna rakuɓe a gindin wata rumfa, ya kira mu ya buɗe mana sitonsa. Babban ɗaki ne, ba kome a ciki sai tsofaffin buhuna da warin citta da ya kama bango. Matarsa ta aiko da kunu mai zafi. Komawa gida ba ta yiwu ba, a nan muka kwana.

Da safe wani maƙeri da ke maƙwabtaka da siton ya leƙo, ya ga tarin ƙarfe. Ya ce ƙarfe ya yi wuya, in za mu sayar zai saya.

Malam Sule ya ce, “Kada ku yi. Abin da zai ba ku mako ɗaya ne. Garma kuwa in ta fita daga gida yanzu, ba ta dawowa.”

Gaskiya ya faɗa, duk mun sani. Amma Asabe ta tashi ta ɗauki tata ta miƙa. Sai wata, sai wata. Mama Lami tana zaune a kan buhu, ta Bitrus a kan cinyarta, ba ta hana kowa ba, ba ta kuma ɗaga kai ba. Na daɗe ina riƙe da ta Ishaya. Hannatu tun jiya ta daina kuka, sai dai ta kama nono ta saki, ta kalle ni. Na miƙa. Na sayi mudu huɗu na dawa da ƙullin gishiri.

Rafukan sun cika, sai da muka jira suka janye, muka isa gida rana ta yi sanyi. Ban shiga gida ba, don daga nesa na hango Ishaya a gangare. Yana zaune a cikin taɓo a saman gonar citta. Ruwan jiya ya gangaro daga dutse ɗauke da duwatsu da itace, ya toshe lambatun, ya fasa gefensa, ya kwarara cikin gonar. Ganyen da na yi mako biyu ina ɗauka duk ya tafi rafi. Cittar tana tsaye cikin ruwa, kawunanta kawai ake gani.

Daga baya Mama Kande ta gaya mini yadda aka yi. Da ya ga hadarin ya ruga bayan ƙofa, babu garma. Ya birkice ɗaki, ya duba rumbu, ya duba bayan gida yana kiran sunana. Sai da ta kama shi ta nuna masa hanyar Kafanchan da hannu. Ya fita cikin ruwan da fasasshiyar ƙwarya, yana kwasar laka da hannu ɗaya, ruwa yana mayarwa. Da na iso, faratan hannun hagunsa biyu sun cire.

Ya ɗago kai. “Ina garmata?”

Na sauke ƙullin daga kaina, na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina. “Na sayar.”

Ya dubi ƙullin. Ya dubi Hannatu. “Sun ji ku?”

Na girgiza kai.

Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa abin da ya riga ya sani, ya tashi ya wanke hannunsa a ruwan da ke kwance kan cittar, ya wuce gida.

Dawar ta kai mu kwana tara. Hannatu ta rayu, tana nan a Kagarko da nata jikokin. Dauro na dasa shi a makare, zangarnunsa ba su fi yatsa ba. Harajin shekarar an karɓa a kowane gida. Da kaka Malam Sule ya dawo kamar yadda ya ce, ya tsaya a ƙofa ya ga fuskata, bai ko sauka daga keke ba, ya ce Allah ya mayar da alheri. Da rani Ishaya ya tafi Kachia gadin wani sito, aikin da aka ba shi don tausayi, kuma bai sake noma ba har ya mutu. Sai da aka yi shekaru kafin citta ta sake rufe falalen dutsen garinmu, kuma yawancinta ta mutanen birni ce da suka sayi gonakin matan da muka yi tafiyar nan tare. Yanzu yara suna zuwa da waya suna ɗaukar hoton gonakin da aka gudu aka bari, suna cewa dole duniya ta san asarar da ake yi mana. Nakan ba su kujera da ruwa, in nuna musu hanya.

Kamar mako biyu bayan dawowarmu daga Kafanchan, ganyen cittar ya yi rawaya ya kwanta, gonar ta fara wari. Ni da Ishaya muka shiga muna tono da hannu, ko za mu sami 'yan guntayen da ba su ruɓe ba mu ajiye iri. Ka kama saiwa sai ta narke a tafinka kamar dafaffiyar kabewa. Ana yayyafi. Muna cikin haka Mama Lami ta gangaro, ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu, garmar Bitrus a kafaɗa.

Ta ce, “Sannunku da aiki. Rifkatu, jibi kasuwar Kachia. Mutane daga ko'ina suke zuwa, har da masu ilimi. In muka tsaya a can muka faɗa, wani zai ji.”

“Mama, ba zan je ba.”

“Sauran ma haka suka ce.” Ba ta yi fushi ba. Ta tsaya tana kallon gonar.

Na ce, “Mama, ki ara mana garmar nan kwana biyu, mu gyara lambatu, ko gwaza mu sa a wurin.”

Ta sauke ta daga kafaɗa, har na miƙa hannu. Sai ta dube ta, ta goge bakin da gefen zanenta.

“In na ba ki, 'yata, me zan nuna musu?”

Ta mayar da ita kafaɗa ta hau tudu, ta bi hanyar mota ita kaɗai, tana zamewa a taɓo tana dafa ƙasa.

Ishaya ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ya juyo gare ni. “Me ta ce?”

Na tsaya a gabansa. “Ba kome.”

Muka sunkuya muka ci gaba da tono.